Katifar Rassa Ashirin da Uku

Shekara arba'in da ɗaya ina hawa bishiya ina sare ta, kuma babu bishiyar da za ta buɗe baki ta ce ita ta kayar da ni. Ni nake saukowa, lokacin da na ga dama, ta hanyar da na ga dama. In ka ji ana cewa Baba Mai Katifa, to ni ne. Ba na sayar da abin kwanciya, ko da yake an sha buga mini ƙofa ana tambayar mai taushi.

Ga inda sunan ya fito. In na hau bishiya, daga ƙasa nake fara datse rassa ina yin sama, kuma kowane reshe gefe guda nake jefa shi, ganye a kan ganye. Ba na duban ƙasa. Wanda ya koya mini aikin ya ce mai leƙen ƙasa, ita ma ƙasar tana leƙensa. Ƙirgawa nake yi. Reshe ashirin da uku masu ganye, in suka taru wuri ɗaya, tudunsu ya kai ƙirjin namiji. Wannan ita ce katifa. Sai in sare kan bishiyar, in bi gangar jikinta ina yankawa gunduwa-gunduwa ina turawa ɗaya gefen, har abin da ya rage ya zama kamar tsayin bene mai hawa biyu. Daga nan in zura zartona ƙasa da igiya, don zarto ba ya son tsalle. In buɗe hannuwa, in dira. Jama'a su yi tafi. In tashi in karkaɗe ganye, in sare kututturen daga ƙasa kamar kowa.

Na dira haka ya fi sau ɗari huɗu. Karaya takwas kacal na samu: haƙarƙari uku, kafaɗar hagu sau biyu, idon sawu, tsintsiyar hannu, da wani ƙashi can ƙasan baya wanda sai da ya karye na san ina da shi. Duk takwas ɗin laifin katifa ne, wani icce ya ɓuya a ciki. Je ka tambayi masu zaman ofis, za ka samu wanda kujera kaɗai ta karya fiye da haka.

Surukina, mijin 'yata, shi ke da motar aiki da zartunan inji, ni kuma nake hau masa manyan bishiyoyin da sauran ke tsoro. Mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya, yana karanta takardar da ke zuwa cikin kwalin kaya. Wata rana ya zo gidana da jaka a kafaɗa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe yana sosa ƙeya.

Ya ce, "Baba, doka ta fito. Duk mai hawa bishiya don aiki sai ya sami kati. Za su aiko mai dubawa, ka hau a gabanta da kayan kariya, ka sauko. In ta sa hannu, shi ke nan."

Na ce, "In ba ta sa ba fa?"

"Sai dai ka tsaya a ƙasa kana ja mana rassa, Baba."

Ni! In ja rassa! Mutumin da tsuntsaye ke matsa wa wuri. Na ji maganar har cikin kafaɗar hagu. Tun ina da baƙin gashi ban taɓa wuni uku a jere ƙafata na taka ƙasa kaɗai ba, sai in a kwance nake da ɗori. In aka hana ni sama, ban san me zan yi da tsawon yini ba.

Ya zazzage jakar a kan tabarma a tsakar gida. Ga hular kwano mai raga a fuska da murfi biyu na toshe kunne. Ga wando mai nauyi wai zarto ba ya cinsa. Ga ɗamara mai madauri a ƙugu da cinyoyi, kamar za a ɗaura wa raƙumi kaya. Ga ƙarafan ƙafa masu tsini, ga ƙugiyoyi masu kulle kansu, ga igiya gajera ta rungume bishiya, ga doguwa mai launin lemo. Abin da ya fi ba ni haushi wani ɗan ƙulli ne da aka naɗa da siririyar igiya a jikin doguwar.

Ya ce, "Wannan shi ke riƙe ka, kuma shi ke sauke ka. Yana zamewa in ka so."

Na ce, "Ƙullin da ke zamewa, a zamaninmu dukan wanda ya ɗaura shi ake yi."

Ya rataya igiyar a reshen mangwaron gidan ya shiga bayani. Ya yi bayani mai yawa. Har na ji ya ambaci katifa da wani sabon injin niƙa rassa da ya sayo, amma daidai lokacin ina ba shi labarin wata bishiya da na sare da gatari ana ruwan sama, kuma ba a katse babba. Uwar 'ya'yana tana gefe a kan keken ɗinkinta. Na lura keken ya yi shiru tun da ya fara magana. Ban kawo komai a raina ba.

Ranar gwaji ta zo. Aikin a harabar wani gidan burodi ne. Bishiyoyin turare biyu ne dogaye a bayan ɗakin gashi, ɗaya lafiyayyiya, ɗaya kuma kanta ya fara bushewa ta karkata kan rufin kwano. Mai burodin mutum ne mai tumbi, gari har a girarsa, yana ta kewaya mu yana cewa a yi hankali da bututun hayaƙinsa.

Mai dubawar ta iso da allon rubutu a hannu da hular kwano fara. Sa'ar 'yata ce, ba ta da yawan dariya.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, 'yata. Kin taɓa hawa bishiya kuwa?"

"Shekara tara."

"Madalla. Kin fara."

Ta bi doguwar igiyar da yatsunta taku-taku tana neman inda ta sile. Ta buɗe kowace ƙugiya ta rufe. Ta ja madaurin cinyoyina ta ce sun yi sako-sako, na ce mata akwai wuraren da dattijo ba ya yarda a matse masa, ta rubuta wani abu. Ta ga tsohuwar igiyata da na naɗe a ƙugu, wadda ta girme ta, ta sa aka kai ta mota. Da aka zo sa hannu a takarda na dangwala babban yatsa, don ni ban zauna a aji ba, sai ga tambarin ya fito sumul babu zane ko ɗaya. Ɓawon itace ya cinye shi tuntuni. Muka gwada yatsa huɗu, ta haƙura.

Ta ce, "Sharaɗi uku ne, Baba. Kada ka rabu da igiya ko na ƙiftawar ido. In zarto yana aiki, igiya biyu za su riƙe ka. Na uku, da igiya za ka sauko, ba tare da wani ya hau ya ɗauko ka ba, kuma ni da ma'aikatanku babu mai gaya maka yadda za ka yi. In aka ɗauko ka, ka faɗi gwaji."

Na ce, "Ba a taɓa ɗauko ni daga sama ba. Daga ƙasa ake ɗauka ta."

Surukina ya jefa ɗan buhu mai nauyi da zare can saman lafiyayyiyar bishiyar, ya ja doguwar igiyar ta bi ta kan wani ƙaton reshe da ya miƙo tsakiyar harabar. Wai ba a rataya rai a bishiyar da ke mutuwa. Ya maƙala mini ita, ya sauke mini murfin kunne, duniya ta yi tsit. Na soka tsini a ɓawon ɗayar mai bushewa na hau.

Gaskiya ɗaya ce, kuma zan faɗe ta ko da ba ta yi mini daɗi ba: kayan nan ba su hana ni aiki ba. Na ma ga hannuwana biyu sun zama nawa, babu wanda ke riƙe da reshe yana addu'a. Na yi aikin da ko a ƙuruciyata sai a hankali. Kowane reshe in tsaga shi ta ƙasa, in gama shi ta sama, ya tafi salin-alin gefen da na zaɓa. Ɗaya, biyu, goma, goma sha bakwai. Ban dubi ƙasa ba. Ashirin da uku. Na ce a raina katifa ta shimfiɗu. Na sare kan bishiyar ya wuce bututun mai burodi da tazarar tafin hannu. Na bi gangar ina yankawa ina turawa, ina sauka kaɗan-kaɗan a kan tsinin ƙafata, ina jan rarar doguwar igiyar don kada ta harɗe ni, har na kai tsayin da na saba. Na kashe zarto na zura shi ƙasa.

Wallahi niyyata in bi sharaɗi. Na ma kai hannu wajen ɗan ƙullin nan ina ƙoƙarin tuna abin da surukina ya ce. Sai na ɗaga ido. A tagogin benen da ke maƙwabtaka mata sun leƙo. Masu kwaɓa burodi sun hau katanga da fararen riguna. Wani mai gyaran eriya a rufin can ya ajiye aikinsa ya riƙe ƙugu. Duk ni suke kallo. Wa zai tara jama'a haka ya sauko musu kamar guga a rijiya? Na ce bari yarinyar nan mai shekara tara a hawan bishiya ta ga yadda maza ke sauka, ta rubuta a allonta. Na cire gajerar igiyar, na ji ƙirjina ya saki. Doguwar kuwa ta bayan kafaɗata ta tafi ɗaya bishiyar, awa uku ina tare da ita har na daina jin tana nan. Na hau kan kututturen na miƙe tsaye, na buɗe hannuwa, na dira.

A cikin iska ne kawai nake yarda in dubi ƙasa, don a lokacin babu abin da za ta ƙara yi mini. Na duba. Babu katifa. Siminti ne fes, an share shi har yana ƙyalli. Gajere, wanda ke mana aikin ƙasa, yana tsaye a gefe da tsintsiya a hannu, baki buɗe. Bayansa ga sabon injin nan, ga motar surukina cike da garin katako. Rassana ashirin da uku ke nan, an niƙe su ɗaya bayan ɗaya tun suna faɗowa, ni kuma kunnena a toshe.

Na fara salati. Ban kai rabi ba wani abu ya fizge ni ta ƙugu, madaurin cinyoyin da na ƙi matsewa suka matse kansu a inda na hana. Na tafi a iska kamar lilo. Na wuce ta gaban tagar ɗakin gashi har na ga burodi a jere, na dawo, na sake wucewa. A zuwa na uku na gaishe da matan bene, don kada su ɗauka wani abu ya faru. Da lilon ya tsaya sai ga ni a rataye a tsakiyar harabar, bishiya ba ta kusa, bango ba ya kusa, ina juyawa a hankali kamar naman da mahauci ya rataya.

Na ɗage murfin kunne. Surukina yana ihu, "Baba! Baba, lafiya?"

Na ce, "Ina katifata?"

"Baba, na gaya maka a gida! Ranar gwaji ba a barin komai a ƙarƙashin mai hawa!"

"Gajere, kai ma? Shekara goma sha biyu kana tara mini ganye!"

Gajere ya ɓoye tsintsiyar a bayansa. "Baba, ni ma raina bai so ba. Amma injin yana da daɗin aiki."

Surukina ya fara ɗaura tasa ɗamarar zai hau. Na daka masa tsawa. "In ka taɓa bishiyar nan ka kashe mini kati, kuma ka san 'yar wa kake aure." Ya dubi mai dubawar. Ta duba agogonta ta ce, "Yana magana, yana motsi. Zan ba shi minti goma sha biyar. Ratayar mutum a madauri irin wannan tana tara jini a ƙafa. In lokacin ya cika, ko ya so ko ya ƙi, ka hau."

Na dubi ɗan ƙullin. Ya cije igiyar kamar kare. Na ja shi sama, ya ƙi. Na murɗa shi, ya ƙi. Na damƙe igiyar da hannu biyu na girgiza, na ƙara juyawa kawai. Sai na tuna da 'yar wuƙata da ke aljihun wando. Na zaro ta na buɗe, rana ta haska ta.

"Ku juyo da motar nan ta tsaya a ƙarƙashina. Garin ganyena ne a ciki, ya san ni. In yanke igiya in dira."

"Baba, motar ƙarfe ce!"

"To ku zube garin a ƙasa."

"Ba zai kai idon sawu ba, Baba."

Mai burodi ya matso yana murza hannu. "Ni dai ina da burodin jiya wanda bai tafi ba, ya kai buhu shida. In zai yi amfani."

Na ce, "Mai yanka-yanka ne ko dunƙule?"

"Dunƙule."

"Ya yi tauri?"

"Na jiya ne, Baba, ba na bara ba."

"A jera shi hawa uku, a sa buhunan gari a ƙasa."

Har mutanensa sun fara dirowa daga katanga za su ɗauko, mai dubawar ta ɗaga hannu ba tare da ta ɗaga murya ba. "Duk wanda ya ajiye burodi a ƙarƙashin mutumin nan, zan rubuta sunansa." Suka koma katanga. Ta ce da ni, "Baba, in ka yanke igiyar, ka rabu da ita ke nan. Sharaɗi na ɗaya."

Na ce, "To, 'yata, in na zauna a nan aka ɗauko ni, na faɗi. In na yanke, na faɗi. Gara wanda jama'a za su yi wa tafi."

Ban san surukina ya buga waya ba. Gidana ba nisa, titi biyu ne. Ina cikin lissafin ta wane gefe zan ba siminti, kafaɗar dama da ba ta taɓa karyewa ba ko ta hagu da ta saba, sai ga uwar 'ya'yana ta shigo harabar, tef ɗin awo a wuyanta, rigar wani da take wa kalmasa a hannu. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga kai ta dube ni kamar yadda take duban wandon da aka kawo gyara karo na tara. Ta ce da mai burodi, "Bawan Allah, ara mini bencin nan." Ta ja shi da kanta, ta auna da ido, ta ajiye shi daidai ƙarƙashin takalmana, ta zauna, ta zare allura.

Mai dubawar ta ce, "Mama, ba a zama a nan. Wurin faɗowar kaya ne."

"Na sani, 'yata. Kayan nawa ne."

Mai dubawar ta duba allonta, ta juya shafi, ta juyo. Daga ƙarshe ta cire farar hularta ta ɗora wa tsohuwar a kan ɗankwali, ta ɗaure mata a haɓa.

Na ce, "Ke, tashi daga nan!"

"Yanke mana, Malam. Yau dai faɗuwa ta zo daidai da zama."

"Zan karya ki!"

"Sai ka yi jinya, ka ji yadda take. Sau takwas ina juya ka a gado kamar waina a tanda, kana ba masu dubiya labarin yadda ka tashi sama. Wa ya yi maka wanka wata uku lokacin ƙashin bayan nan? Bishiya?"

Masu kwaɓa burodi suka fashe da dariya. Wata mata a bene ta ce, "Gaya masa, Mama!"

Na ce, "Ba a gaban jama'a ba."

"Kai ka tara su. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau bishiya ba zai hango ba. Ga babba a sama, siminti ma bai hango ba."

Ƙafafuna sun fara yin kamar ba nawa ba. Ta dama ta yi sanyi, ta hagu kamar ana tsira mata allurai. Mai dubawar ta ce saura minti shida. Na dubi wuƙar, na dubi farar hular da ke ƙasa, da hannun da ke ta kai allura yana komowa. Sau biyu allurar ta kuɓuce mata. Shekara arba'in da biyu ban taɓa ganin allura ta kuɓuce wa hannun nan ba. Na naɗe wuƙar na mayar aljihu.

Na ce a hankali, "Ban san yadda ake sakin abin ba."

"Me ka ce? Hular nan ta rufe mini kunne."

"Na ce ban iya ba!"

Ta ajiye rigar a cinya, ta juya wajen mai dubawar. "'Yata, ni ma'aikaciyarsu ce?"

"A'a, Mama."

"An hana matar mutum yi masa magana?"

Ta sake juya shafi. "Babu a nan."

"To. Malam, saki igiyar. Saki mana, ba za ta gudu ba. Ka ga ɗan ƙullin? Ɗora yatsa biyu a samansa, ba a jikinsa ba. Ɗaya hannun ya riƙe igiyar ta ƙasa, kusa da cinyarka. Yanzu danna shi ƙasa a hankali, kamar kana taɓa goshin mai zazzaɓi. In ka ga ka yi sauri, ɗauke yatsun kawai, zai kama ka."

"Ke a ina kika sani?"

"Ranar da kake ba yaron mutane labarin ruwan sama, ni ina ji. Da kuka fita na gwada a mangwaro. Sau huɗu na sauko. Maƙwabciya ma ta gwada."

Na ɗora yatsa biyu. Na danna da ƙarfin maza, na zube kamu uku a lokaci guda, matan bene suka yi ƙara, na ɗauke hannu, ƙullin ya cafke ni.

"Na ce goshin mai zazzaɓi, ba wuyan ɓarawo ba!"

Na sake, a hankali. Igiyar ta fara wucewa ta cikin ƙullin da ɗan ɗumi, ina sauka kamar gizo-gizo. Na ga saman tagar, na ga tsakiyarta, na ga ƙasanta. Ban taɓa sanin akwai abubuwa da yawa haka tsakanin sama da ƙasa ba, don kullum a guje nake wuce su. Akwai ma gidan tsuntsu a bayan bututun mai burodi. Da takalmana suka kusa taɓa hularta ta ja bencin gefe ba tare da ta tashi ba. Na taka siminti. Na riƙe igiyar na tsaya. Tun da nake, ranar ce ta farko da na iso ƙasa a tsaye.

Babu wanda ya yi tafi. Gajere ne kawai ya fara, ya ga shi kaɗai ne, ya daina.

Aka zaunar da ni a bencin, aka kawo ruwa. Mai dubawar ta tsaya a gabana da allonta tana bi layi-layi. Hula, akwai. Igiya biyu lokacin yanka, akwai. Yanka, ta ce ba ta taɓa ganin mai tsabta irinsa ba, kuma ina so a rubuta wannan da kyau. Bai rabu da igiya ba. Ya sauko da kansa. Sai ta tsaya.

"Saura layi ɗaya, Baba. Dole in rubuta yadda ka bar kan kututturen. Ni ina duba zarton da ka zuro lokacin, ban gani ba. In zamewa ka yi, tsautsayi ne, yana samun kowa, kuma kayanka sun riƙe ka. Zan sa hannu. In kuwa da gangan ka yi tsalle, ba zan ba ka katin hawa ko kan kujera ba. Wanne ne?"

Na dubi katanga. Duk wanda ke kanta ya ga na buɗe hannuwa. Mai gyaran eriya ya gani. Matan bene sun gani. Surukina ya sunkuyar da kai yana karanta takalminsa. Shekara arba'in da ɗaya ina gaya wa duniya ƙafata ba ta taɓa zamewa ba, kuma gaskiya ce. Kalmar tsalle tana kan harshena, har ta jiƙe. Sai iska ta kaɗa, lafiyayyiyar bishiyar ta yi wannan shuu ɗin da suke yi can sama, wanda na ƙasa ba ya jin rabinsa.

Na ce, "Na zame."

Tsohuwar ta ce, "Ɗaga murya, Malam, 'yar mutane tana rubutu."

"Na zame!"

Har benen aka ji. Mai dubawar ta rubuta, ta sa hannu, ta karɓi hularta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Baba, ka riƙa matse madaurin cinya." Mai burodi ya ba mu dunƙule biyu na jiya.

Katin yana aljihuna yanzu, cikin leda, da hotona ina harara. Ina hawa kamar da. Da igiya nake saukowa, don duk inda muka je aiki sai in tarar da benci a gindin bishiya da mai ɗinki a kansa, surukina har ya saya mata hularta. Gajere yana niƙe rassana a gaban idona, wani lokaci ina ƙirga su duk da haka. A unguwa kuwa an fara ce mini Baba Na-Zame, har masu tambayar katifa sun daina zuwa.

Shi ya sa na zaunar da 'yata na ce ta rubuta wannan yadda na faɗa, kada ta gyara ko harafi. Ban zame ba. Tsalle na yi, hannuwa a buɗe, ƙirji a gaba, daga tsayin bene mai hawa biyu, ina da shekara sittin da takwas, kuma da katifata tana nan da kun ji tafi har bakin titi. Kowa ya karanta ya gaya wa na kusa da shi. Mai farar hular nan ce kawai ban yarda a nuna wa ba, don baɗi za a sabunta katin.